Ana Buga Gem a Fezzan, Ana Korar Masu Ƙera Shi a Landan

A shekarar 2024 kaɗai, mutum sama da 14,000 ne suka rasa aikinsu a kamfanonin da ke ƙera wasannin bidiyo a faɗin duniya, ƙari a kan sama da 10,000 da aka sallama a 2023. Mazaunin Fezzan a nan Maiduguri yana iya jin wannan ya ce ina ruwan biri da gada. Sai dai unguwar da ta samo sunanta daga fataken da ke ratso Sahara ta Murzuk da Bilma zuwa Borno ba a koya mata cewa abin da ya faru a kasuwa mai nisa yakan biyo ayari ya iso gida. Wasan ƙwallon da samari ke layi a kansa a gidajen gem, da wasan harbe-harben da ke cinye datar yara a waya, duk hajar waɗannan kamfanoni ce. Saboda haka ya kamata mu san me ya same su.

Da farko dai a kawar da wani zato. Ba kasuwar ce ta mutu ba. Kuɗin da ake kashewa a kan wasannin bidiyo a duniya ya haura dala biliyan 180 a shekara, kuma kusan rabinsa daga wayar hannu yake fitowa. Ranar 24 ga Janairun 2024 darajar kamfanin Microsoft ta taɓa dala tiriliyan 3. Washegari ya sanar da sallamar mutum 1,900 daga sashensa na wasanni. Kamfanin EA, mai wasan ƙwallon da aka shekara kusan talatin ana kira FIFA kafin ya koma FC a 2023, ya ci ribar sama da dala biliyan 1 a shekarar kasuwancinsa da ta ƙare a Maris na 2024, amma a Fabrairun wannan shekarar ya rage kusan mutum 670. Masu gida ba su kwana da yunwa ba. Lissafinsu ne ya ɓaci, aka sauke asarar a kan na ƙasa.

Yadda lissafin ya ɓaci kuwa ya faro ne daga annobar korona. Da aka kulle mutane a gida a 2020, sai duniya ta rungumi gem, ciniki ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. A daidai lokacin bankunan Amurka da Turai suna ba da bashi kusan kyauta, domin kuɗin ruwa ya sauka ƙasa warwas. Kamfanoni suka ɗauka haka za a dawwama. Suka shiga ɗibar ma'aikata, suka shiga saye junansu. Da aka buɗe gari mutane suka koma harkokinsu, ciniki ya tsaya cik. A Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, kafin Yulin 2023 ya wuce kashi 5 cikin 100. Bashin da aka ci da murna ya koma ƙarfen ƙafa.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a kamfanin Embracer na ƙasar Suwidin. Shugabansa na lokacin, Lars Wingefors, ya yi shekaru yana sayen situdiyo bayan situdiyo, har suka haura ɗari, ciki har da masu wasan Tomb Raider. Galibin sayayyar da bashi aka yi ta da kuma sayar da hannun jari, daga baya kuma ya dogara da wata yarjejeniya ta dala biliyan 2 da yake jiran a sa wa hannu. A watan Mayun 2023, daren da za a sanar, ɗaya ɓangaren ya janye. Rahotanni daga baya sun ce kamfanin Savvy na Saudiyya ne. Hannun jarin Embracer ya zube da kusan kashi 40 cikin 100 a yini guda. Abin da ya biyo baya shi ne rufe situdiyo Volition na Amurka, wanda ya shekara talatin yana aiki, sannan Free Radical na Ingila dab da Kirsimeti. Cikin kusan shekara guda ma'aikata kimanin 4,500 sun bar kamfanin. Mai zane da ke Volition ba a shawarce shi ranar da ake cin bashi ba, kuma bai san da wata yarjejeniya ba. Shi dai ya zo aiki aka ce ya tattara nasa ya nasa.

Wani zai ce ai wanda bai yi aiki mai kyau ba shi ake kora. Labarin Tango Gameworks na Japan ya rushe wannan magana. Situdiyon ya fitar da Hi-Fi Rush a Janairun 2023, wasan ya samu yabo, ya ci kyaututtuka, jami'an Microsoft da kansu suka ce ya yi nasara. A watan Mayun 2024 Microsoft ɗin ya rufe shi tare da Arkane Austin. Watanni bakwai kafin nan ne kamfanin ya kammala sayen Activision Blizzard, masu Call of Duty, a kan dala biliyan 68.7. Wanda ya kashe irin wannan kuɗi dole ya nuna wa masu hannun jari inda ya tsuke bakin aljihu, kuma albashi ne abin da ya fi saurin yankuwa. Allah ya sa kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu, mai PUBG, ya saye Tango a watan Agusta ya farfaɗo da shi. Sauran ba su yi wannan dace ba. Sony ma a Fabrairun 2024 ya sallami mutum 900, ya kuma rufe situdiyonsa na Landan da ya haura shekara ashirin.

Sai tsadar aikin kanta. Babban wasa na yau mutum ɗari biyu ko uku ne ke haɗuwa a kansa: masu rubuta manhaja, masu zane, masu tsara labari, masu kiɗa da sauti, da masu gwaji da ke wuni suna neman inda wasan ke sarƙewa. Ana ɗaukar shekara biyar ko shida kafin a sayar da kwafi ɗaya. Takardun Sony da suka bayyana a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220. Idan irin wannan wasa ya faɗi, da situdiyon yake faɗuwa. Wasan Concord na Sony ya fito ranar 23 ga Agustan 2024 bayan shekaru ana aikinsa. Masu saye suka ƙi zuwa. Ranar 6 ga Satumba, kwana huɗu kafin ruwan madatsar Alau ya shigo mana gari, Sony ya janye shi, ya mayar wa mutane kuɗinsu. A watan Oktoba aka rufe Firewalk, situdiyon da ya yi shi.

Dalilin da ya sa masu saye ba su zo ba, duk mai gidan gem a Fezzan ya san shi ba tare da ya karanta rahoto ba. Ka jera wa yara wasanni goma a na'ura, ƙwallo za su ce a sa musu. Wasu gidajen har yau tsohon PES suke bugawa, an dai yi masa kwaskwarima an sa sabbin 'yan wasa da sabbin riguna, alhali kamfanin Konami ya daina fitar da shi da wannan suna tun 2021, ya koma eFootball. A waya kuwa PUBG ne da Free Fire da Call of Duty, domin can abokai suke. Haka abin yake a ko'ina. Kamfanin bincike na Newzoo ya gano cewa a 2023 kusan kashi 60 cikin 100 na lokacin da aka ɓata ana wasa a kwamfuta da na'urorin gem ya tafi ne a kan wasannin da suka shekara shida ko fiye, irin su Fortnite da Minecraft da GTA V. Sabbin wasanni dubbai suna kokawa a kan ragowar. Kowane kamfani ya zuba dukiya yana neman nasa Fortnite ɗin, alhali yini bai ƙara tsawo ba. Shi kansa Epic Games mai Fortnite ya sallami mutum 830 a Satumban 2023, shugabansa Tim Sweeney ya amsa cewa abin da suke kashewa ya daɗe da zarce abin da suke samu.

To ta ina wannan zai iso mana? Ta farashi da farko. Sabon babban wasa ya tashi daga dala 60 zuwa 70 tun 2020, a 2025 kuma Nintendo ya sa wa Mario Kart World dala 80. Da naira ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, sai kowa ya yi lissafin da kansa. Na biyu, faifai yana ɓacewa. PlayStation 5 Pro da ya fito a Nuwamban 2024 a kan dala 700 bai zo da wurin sa faifai ba, sai an saya daban. Sana'ar gidan gem a wajenmu a kan na'ura ta hannu da faifai na hannu aka gina ta, abin da za a gyara a kasuwa, a ara, a sayar. Wasan da sai an sauko da shi ta intanet, kuma sai da intanet yake tashi, ba ya aruwa, ba ya sayuwa a hannu na biyu. Ranar da kamfani ya kashe na'urorinsa, wasan ya mutu a hannunka. Haka Ubisoft ya yi wa The Crew a ƙarshen Maris na 2024, waɗanda suka biya kuɗinsu suka wayi gari ba su da komai.

Masu gidajen gem na Maiduguri kuwa ba su jira wannan ba kafin su san rufe shago. A Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka tarwatsa turakun lantarki a hanyar Damaturu, aka gyara a Maris, cikin kwanaki suka sake fasa su, gari ya yi mafi yawan shekarar a duhu. Tashar lantarki mai amfani da gas ta megawat 50 sai a Maris na 2023 aka ƙaddamar da ita. Kusan wata uku bayan haka aka cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Sannan ambaliyar Alau ta 10 ga Satumban 2024 ta zo ta shanye talabijin da janareta a shagunan da ta taras. Yaron da ke karɓar kuɗi a gidan gem, in aka rufe, babu kuɗin sallama, babu wanda ke ƙirga shi a wani jadawali. Na Landan da Tokyo aƙalla an san adadinsu.

Akwai kuma abin da iyaye ya kamata su sa wa ido. Kamfanin da ke neman cike giɓi ba a farashi kaɗai yake tatsa ba, cikin wasan yake biyo ka. A wasan ƙwallon EA akwai sashen da ake sayen ƙunshin 'yan wasa a rufe, ka biya kafin ka san wanda ke ciki, ko gwani ko tarkace. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan caca ce, EA ya daina sayar da makin da ake sayen ƙunshin a ƙasar a farkon 2019. A nan babu mai hana shi. A Satumban 2025 aka sanar da cewa asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya da abokan hulɗarsa za su saye EA a kan dala biliyan 55, kuma biliyan 20 daga ciki bashi ne da za a ɗora wa kamfanin. A ganina wannan bashi wuri biyu zai fito: albashin ma'aikata da aljihun masu wasa. Uban da ke faɗan ɗansa ya ɓata lokaci a gem, ya ƙara da duba ina kuɗin da ke asusun wayar yaron yake tafiya.

Saura matasan da ke burin shiga sana'ar, kuma suna nan, a Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat da wajen makaranta ma. Ba na cewa su fasa. Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012 ya yi aiki da Disney, suka fitar da wasan waya na Iwájú a 2024. Ƙofa a buɗe take, musamman ta wasannin waya masu sauƙin nauyi, inda mutum uku ko huɗu za su iya kammala abu. Amma kada sunan babban kamfani ya ruɗe su. A watan Mayun 2024, watan da aka rufe Tango, Microsoft ya rufe cibiyarsa ta injiniyoyi da ke Legas, wadda aka buɗe da biki da alkawura. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira, wadda a kanta masu ba da murya da motsi a wasanni a Amurka suka shiga yajin aiki a Yulin 2024, suka kai kusan shekara guda.

Wanda zai koyi wannan aiki ya koyi ginshiƙinsa: rubuta manhaja, lissafi, zane, haɗa sauti, tsara labari. Waɗannan suna ci a banki da asibiti da harkar fim da talla, ko da situdiyo ya rufe. Ya fara da ƙaramin abin da zai gama, wanda zai tashi a waya mai araha ba tare da data ba, kuma ya mallaki abinsa da sunansa. Masu hali na Borno da hukumomin da ke horar da matasa a fannin kwamfuta, in za su sa hannu, su tanadi ɗaki mai sola da intanet da malami mai albashin da ba ya yankewa, kuma su yi haƙurin shekara uku kafin su tambayi riba.