«Mutum» da «shan wahala»: kalmomin Hausa a aƙidar Kirista game da Almasihu

1. Gabatarwa

A wannan ɗan aiki muna son mu duba yadda Hausa take ɗaukar wata aƙida ta Kirista, cewa Yesu Almasihu, wanda suke kira Mai Ceto, cikakken mutum ne, ya kuma sha wahala ta gaske. Ba namu ba ne mu yanke hukunci a kan imanin kowa. Kalmomi ne suka dame mu, don a nan kuskuren kalma guda yana iya juya aƙida.

2. Asalin aƙidar

Tun farkon ƙarni na 2 akwai masu cewa jikin Yesu kama ce kawai, wahalarsa kuma ganin ido ce. Da Faransanci ana kiran wannan ra'ayi docétisme, daga aikatau na Girkanci dokein, wato «yi kama da». Ignatiyus na Antakiya ya yi musu raddi. A 381 majalisar Kustantiniya ta ƙi ra'ayin Apolinariyus, mai cewa Yesu yana da jikin ɗan Adam amma ba shi da hankalin ɗan Adam. Hujjar masu ƙi ita ce, in bai ɗauki mutuntaka duka ba, to bai ceci mutum duka ba. A 451 majalisar Kalsidon ta tsai da lafazin da Faransanci ke taƙaitawa da une personne, deux natures. Ikilisiyoyin Kibɗawa, Habasha da Armeniya ba su karɓi wannan lafazi ba, ko da yake su ma sun yarda da cikar mutuntakarsa.

3. «Mutum» da «halitta»

Faransanci ya raba personne da homme. Hausa ta haɗa su cikin «mutum». In muka fassara une personne da «mutum ɗaya», mai sauraro zai ji ɗan Adam guda, allahntakar da Kirista ke nufi ta ɓace. Haka nature: «hali» da «ɗabi'a» sun fi kusa da caractère, «halitta» kuwa tana nuna abin da aka halitta, alhali majalisar Nikiya ta 325 ta ƙi a kira Ɗan halitacce. Mafita, a ganinmu, ita ce a ambaci kowane ɓangare da sunansa, «allahntaka» da «mutuntaka», a bar neman kalma guda.

4. «Shan wahala»

A nan kuwa Hausa ta fi Faransanci sauƙi. Kalmar passion, daga pati na Latin, «jimre wa wuya», ta karkata zuwa zafin so. Hausa tana cewa «sha wahala», kamar «sha rana» ko «sha duka»: abu ne da ke shiga jiki. Linjila kuma, a Matiyu 26, ta kwatanta azabar gicciye da ƙoƙon da Yesu zai sha. Abin da Girkanci ya faɗa da misali, Hausa tana da shi tun a aikatau.

5. Kammalawa

An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, wata fassara kuma a 1979. Masu karanta su a Maraɗi ko Damagaram suna zaune cikin Musulmi, waɗanda ke riƙe da aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, mai kore kisa da gicciye ga Annabi Isa. Saɓanin na gaske ne, fassara ba za ta share shi ba. Aikin mai fassara shi ne kada ya ƙara wani saɓani wanda kalma ce kaɗai ta haife shi.