A'a Hajiya, Baƙar Fata Ba Ta Ƙin Kwalliya

A wani wunin biki a Gyaɗi-Gyaɗi, Kano, aka fito da amarya, baƙa kyakkyawa mai sheƙi, amma fuskarta ta yi toka-toka kamar wadda ta kwana a bakin murhu, wuya da hannu kuwa suna nan da launinsu. Wata Hajiya da ke gefena ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ai dama kwalliya sai farar fata, baƙa ba ta karɓa." Ban tanka ba, don babba ce. Amma maganar ta ƙi barina, domin ba ita kaɗai ke faɗa ba. A garin da ake raha da "fara ko mayya ce", an daɗe da yanke wannan hukunci.

Allah ya ƙara girma, Hajiya, abin da kika gani gaskiya ne: kwalliyar ta ɓaci. Inda muka rabu shi ne wanda za a ɗora wa laifin.

Iman, 'yar Somaliya da ta yi fice a tallan tufafi a Amurka, ta sha ba da labarin aikinta na farko da mujallar Vogue a 1976. Mai kwalliyar ya tambaye ta ko ta zo da hodar ruwanta, domin ba shi da launinta. Ya haɗa abin da ya samu, ta fito toka-toka a hoto, tamkar amaryarmu. Daga nan ta koyi haɗa nata, kuma a 1994 ta kafa kamfanin kayan kwalliya don mata masu duhun fata. A 2015 ma Nykhor Paul ta Sudan ta Kudu tana wannan kukan: ana gayyatarta dandamalin nuna tufafi, sai a tarar babu launinta a akwati. Da mawaƙiya Rihanna ta fitar da kayan kwalliyar Fenty Beauty a 2017 da hodar ruwa launi 40, masu duhun ne aka yi ta wawaso. Ashe fatar lafiyarta ƙalau, akwatin ne ba a cika ba.

Sirrin kuwa ba wani mai zurfi ba ne. Ban da haske ko duhu, kowace fata tana da launin da ke kwance a ƙarƙashinta: wata ta karkata ga ja, wata ga ruwan ɗorawa. Idan aka shafa wa baƙa hodar da ta fi ta haske, ko wadda ta saɓa wa wannan launi, dole ta yi toka. Wasu fararen hodar gari kuma suna mayar da hasken kyamara, shi ya sa za ki ga amarya lafiya lau a ɗaki, a hoto kuma kamar an watsa mata fulawa. Ga zafin Kano a watan Afrilu, gumi ya zo ya ja layi.

Mai kwalliya a Tarauni ba ta da uzurin da na Landan zai kawo. A mako guda Bafulatana za ta zauna a kujerarta, da Shuwa, da Babarbariya, da wankan tarwaɗa, da baƙa wuluk. Wadda ta riƙe kwalba uku, dukkansu masu haske, ta ce za ta gama da kowa, ba ta gama koyon sana'a ba. Wani lokacin ma, a yi mata adalci, dangin amarya ne ke tsaye a kanta suna cewa "a ƙara mata haske".

Nan ne abin ya daina zama na dariya. Yarinyar da aka gaya wa fatarta ba ta karɓar kwalliya, wajen mai haɗa man bilicin za ta nufa wata biyu kafin biki, ta kwaso sinadaran da hukumar NAFDAC ke ta gargaɗi a kansu, masu sa fata ta yi laushin da ba ta jure rana, wasu har su taɓa ƙoda. Iyayenmu da kwalli da lalle suka yi ado, ba su canza launin kowa ba.

Amare, kafin ranar kamu ku je a gwada muku. A shafa a gefen muƙamuƙi, ku fita hasken rana da madubi, a ɗauki hoto da filasha. Launin da ya ɓace cikin fatarku shi ne naku. In babu shi a akwatin, ku nemi wata mai kwalliyar.