Kula da Lafiyar Kyanwa a Unguwar Zango ta Kwatano

Gabatarwa

Zango na ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Kwatano, babban birnin kasuwanci na Jamhuriyar Benin. Hausawa fatake da sauran Musulmi baƙi ne suka raya ta, kuma an san ta da babban masallacinta. Bayan buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, 'yan kasuwa daga Nijar da arewacin Nijeriya sun ƙara yawaita a birnin. Duk inda aka tara buhunan shinkafa da masara da busasshen kifi, ɓera ba ya nisa. Wannan ne ya sa kyanwa take da daraja a gidaje da shagunan irin wannan unguwa. Hausawa suna kiran ta kyanwa ko mage, a wasu kare-karen harshen kuma mussa. Namijin shi ne muzuru.

Ɓera ba ɓarnar kaya kaɗai yake yi ba. Wani nau'insa yana yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda ya ɓulla a Benin a 2014 da 2016. Ajiye kyanwa na cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa don rage ɓeraye a gida. To amma kyanwa mai lafiya ce kaɗai za ta iya wannan aiki.

Abinci da Ruwa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan aka bar kyanwa da yunwa za ta fi kama ɓera. Abin ba haka yake ba. Farauta ɗabi'arta ce, ko ta ƙoshi takan yi. Wadda aka bari da yunwa kuwa sai ta bar gida ta shiga bin juji, ko ta koma satar nama a madafa. A addinin Musulunci ma akwai hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani a kan tsare kyanwa ba tare da ciyar da ita ba.

Kyanwa maciyar nama ce. Jikinta yana buƙatar wani sinadari mai suna taurin, wanda a nama da kifi ake samun sa, kuma rashinsa yana jawo makanta da ciwon zuciya. Saboda haka tuwo ko shinkafa zalla ba su wadatar da ita. Babbar kyanwa mai nauyin kilo 3 zuwa 5 ta fi son a ba ta abinci kaɗan-kaɗan, aƙalla sau biyu a rana. Kifi yana da yawa a Kwatano saboda teku da tafkin Nokuwe, sai dai ya kamata a dafa shi a cire ƙaya. Yawan cin ɗanyen kifi yana lalata wani sinadarin bitamin a jikinta. Kada a ba ta sauran miya, domin albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini. Madara kuma takan sa yawancin manyan kyanwoyi gudawa. Ruwa mai tsabta shi ne abin shanta, a riƙa sauya shi kullum.

Cututtuka da Rigakafi

Kwatano gari ne mai zafi da laima, yana da damina biyu a shekara: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Irin wannan yanayi yana yi wa ƙuma da tsutsar ciki daɗi. Kyanwar da ke cin ɓera tana buƙatar maganin tsutsa kamar kowane wata 3. A nan akwai kashedi guda biyu. Na farko, maganin ƙuma na kare yakan ƙunshi sinadarin da ke kashe kyanwa. Na biyu, farasitamol guba ce gare ta, ƙwaya ɗaya tana iya hallaka ta. Likitan dabbobi ne ya kamata ya zaɓi magani.

Cutar haukan kare ita ce mafi haɗari. Tana kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Kare ne ya fi yaɗa ta, amma kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma iya sa wa mutum. Allurar rigakafi tana kare ta da mutanen gida baki ɗaya. Wanda baƙuwar kyanwa ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan ya garzaya asibiti. Haka kuma ya kamata mace mai ciki ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa, domin yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke illa ga ɗan tayi.

Haɗurran Gida da Titi

Gidan da ke da kyanwa ba gidan zuba maganin ɓera ba ne. Idan ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma gubar za ta iya kama ta. A waje kuma akwai babura 'yan haya da ake kira zemijan, waɗanda suka cika titunan Kwatano. Muzuru ne ya fi faɗawa haɗari, saboda yawon neman mace da faɗa da 'yan'uwansa. Idan likita ya fiɗiye shi sai ya rage yawo. Macen ma ana yi mata aikin hana haihuwa, domin cikinta kwana 63 zuwa 65 ne kawai, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara.

Kammalawa

Kyanwa tana barci awa 12 zuwa 16 a rana, don haka tana son busasshen wuri mai ɗan tsayi, inda ruwan sama da yara ba za su dame ta ba. Tana buƙatar kwanon yashi na bayan gida da guntun katako na wasa farce. Ita dabba ce mai ɓoye ciwo. Idan ta wuni ta kwana ba ta ci ba, ko ta daina lasar jikinta, ko muzuru ya kasa fitsari, to, lokacin ganin likita ya yi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ɗan abin da ɗan kasuwar Zango zai kashe wa kyanwarsa bai kai asarar buhunan da ɓera ya huda ba.