Aikin rabin-wata: wace ƙungiya za a sake ma horo?

Ƴan uwa masu kula da ƙungiyoyin aiki, rani shi ne lokacin ginar rabin-wata bisa fako. Tun da aikin Kaita ya soma a 1984, mutanen Adar sun shaida cewa matacciyar ƙasa tana farfaɗowa, in an yi aikin daidai. To, ƙaƙa za ku gane ƙungiyar da ta iya da wadda ba ta iya ba?

Kada ku tsaya ga ƙirge kaɗai. Galibi ana yanka ma mutum guda rabin-wata 3 a wuni, ekta guda kuma tana ɗaukar wajen 313. Ƙungiya tana iya cika lissafinta, ruwan farko ya zo ya share aikin duka. Taki ya tafi, iri ya tafi, damana ta wuce.

Ku zaɓi rami 10 cikin aikin kowace ƙungiya, da kanku, ba waɗanda shugabanta ya nuna muku ba. Ku duba abu huɗu:

1. Bakin rami ya fuskanci tudu, inda ruwa ke gangarowa.
2. Faɗi metir 4, zurfi santimetir 15 zuwa 25. Ku auna da igiya da sanda.
3. Ƙasar da aka tara a bayan rami ta daddaɓu sosai.
4. Kowane rami ya tare ruwan da ya kuɓuce tsakanin biyu na samansa.

Sannan ku nemi dalili. In aiki ya yi kyau amma lissafi bai cika ba, ku dubi diga da felu, ku dubi taurin wurin, ku tambayi nisan ruwan sha. Waɗannan mutane kayan aiki suke buƙata. Horo ba ya wasa diga.

In mutum ɗaya ko biyu ne ke kuskure, ku haɗa su da gwani, ya isa. Amma in kuskure iri ɗaya ya fito a rami 4 ko 5 cikin 10, ƙungiyar duka ba ta fahimta ba. Ita za a sake ma horo.

A yi horon nan cikin filinsu, da tiyon awon ruwa a hannunsu, kowa ya gina nasa. Kada ku kunyata kowa gaban jama'a, don wanda aka kunyata ɓoye kuskure yake yi.

Bayan babban ruwa na farko, ku koma tare da su. Ramin da ya riƙe ruwa shi ne shaida.