Me ya sa fotal ke durƙushewa ranar sakamako?

Sau da yawa ba ƙanƙantar sabar ba ce, aikin banza ake sa ta. Shi ya sa ake girke Nginx ko Varnish a gabanta, su riƙe kwafin shafi su riƙa miƙa wa jama'a. Amma fa ba da ka suke ajiya ba, hedar da sabar ta haɗo da amsa suke bi.

Tambarin makaranta, hotuna da fayilolin CSS, ni nakan sa musu Cache-Control: public, max-age=86400, wato kwana guda. Shafin sanarwa kuwa s-maxage=60 ya wadatar. Wannan umarni na mai ajiyar gaba ne, burauza ba ruwanta da shi. Ko mutum dubu suka danna cikin mintin nan, da ƙyar a dami sabar.

Shafin sakamako ne wurin haɗari. Ka sa masa public, wani na iya buɗewa ya tarar da makinka, har kwas ɗin da ka faɗi. Nan private, no-store ake sawa, ba ciniki.

In kuma ka saita komai ajiya ta ƙi, duba Set-Cookie. Nginx ba ya ajiye amsar da ke ɗauke da shi, sai in an tilasta masa.