Yanar Ido da Hawan Jinin Ido: Abin da Majinyaci Ya Kamata Ya Sani

Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa mutum fiye da miliyan 1 masu shekara 40 zuwa sama sun rasa ganinsu, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta ana iya hana ta ko a warkar da ita. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43, sai gilakoma, wato hawan jinin ido, da kusan kashi 17. Majinyata da yawa ba su san bambancin cututtukan nan biyu ba, kuma rashin sanin yana jawo asarar idanu.

Yanar ido tana samuwa ne idan madubin da ke cikin ido ya dushe, galibi saboda tsufa ko ciwon sukari. Babu maganin ɗigawa da ke narkar da ita. Tiyata ce maganinta: a kashe zafin wurin, a cire madubin da ya dushe, a sa na roba, kuma yawanci gani yana dawowa. Amma tsoron wuƙa kan kai wasu wajen masu soka tsinke su tura yanar cikin ido, aikin da sau da yawa ke ƙarewa da makanta.

Gilakoma ta fi haɗari. Ruwan cikin ido ne ke kasa fita yadda ya kamata, matsinsa ya riƙa cinye jijiyar gani sannu a hankali, kamar yadda gara ke cin azara. Nau'in da ya fi yawa ba ya zuwa da zafi. Ganin gefe ke fara tafiya, mutum bai ankara ba, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa irin su timolol, ko tiyata, suna rage matsin ne don a tsare ganin da ya rage. A nan ake yawan samun kuskure: majinyacin da ba a yi wa bayani ba yakan ɗiga magani wata biyu, ya ga ganinsa bai ƙaru ba, ya watsar da shi, alhali na har abada ne. Cutar tana bin jini, don haka ’ya’ya da ’yan’uwan mai ita su ma sai an duba su.

Ga mai son a duba idonsa, Abuja ba ta rasa wuraren zuwa ba. Akwai sashen ido a Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami’ar Abuja a Gwagwalada, ga kuma asibitin ido na Gidauniyar Tulsi Chanrai. Sai dai manomin da ya taso daga Kwali ko Abaji yana buƙatar a yi masa bayani da Hausa ko Gwari, a nuna masa yadda ake ɗiga magani, a faɗa masa ranar dawowa. Wannan bayani ɓangare ne na magani, kuma haƙƙinsa ne ya tambaya.

Ɗiga fitsari ko ruwan batir a ido lokacin ciwon ido na afolo yana lalata shi, haka ma wasu magungunan kemis da ake ɗigawa ba da umarnin likita ba suna ɗaga matsin ido. Duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da ciwon sukari, ya je a auna idonsa ko da yana gani garau.