Gidan bulo da takardar dagaci: abin da ke hana banki karɓar jinginar gidan ƙauye

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa ta Dawanau ya nufi Bichi, ya san wani irin gini da ya zama ruwan dare a bakin ƙauyuka. Ɗaki biyu ko uku na bulo sun kai linta sun tsaya cik, rodi ya leƙo sama har ya yi tsatsa, gefe ga tarin bulo an lulluɓe da ƙaya don kada yara su farfasa, awaki kuma sun mai da inda aka yi nufin falo wurin shan inuwa. Ba watsi da ginin aka yi ba, kaka mai shi yake jira. In ya sayar da gyaɗa ko riɗi, ko ya kai ragon da ya yi kiwo kasuwa gabanin Babbar Sallah, sai ya ƙaro buhun siminti goma. Haka gidan zai yi ta rarrafe, na wani shekara biyar, na wani goma.

Wani ɗan'uwana manomi, mai taɓa sayar da hatsi da rani, ya gaji da wannan rarrafen. Ya ji a rediyo ana batun lamunin gina gida, sai ya ce in raka shi wani banki a cikin birni. Tun kafin ya gama zama ya fara yabon gininsa: "Ranka ya daɗe, gidan nan siminti ne tun daga fandisho, ko ɗigon ƙasa babu." Ma'aikacin ya saurare shi da ladabi, sannan ya ce, "Alhaji, wace takarda gare ka?" Ya zaro leda daga aljihu, ya warware. Fallen littafin makaranta ne, rubutun hannu, da hatimin dagaci da dangwalen shaidu uku. Ma'aikacin ya duba, ya mayar masa da hannu biyu. "Ka yi haƙuri, Alhaji, wannan ba za ta shige mana ba."

A hanyar dawowa bai daina mita ba. Shi a ganinsa raini ne, tunda da wannan takardar ya sayi filin, kuma ba wanda ya taɓa yi masa jayayya a kai.

Jingina ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tun zamanin kakanni, wanda larura ta kama yakan jinginar da gonarsa, mai kuɗi ya riƙe yana nomawa har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa, ko da yake malamai da dama ba su yarda da cin amfanin gonar jingina a kan bashi ba. Ta banki daban take. Kai ne za ka ci gaba da zama a gidan, bankin takardar yake riƙewa, da sharaɗin in ka kasa biya zai sayar ya ɗauki kuɗinsa. Saboda haka nauyin cinikin duk a kan takardar yake, kuma nan ne mutumin ƙauye ke faɗuwa.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda aka kafa a mulkin Janar Olusegun Obasanjo, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna ya riƙe ta amana. Abin da mutum ke da shi, a idon doka, izinin zama ne da amfani. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izini na gargajiya, kuma sashe na 21 ya hana jinginar da irin wannan fili sai da amincewarta. Wanda gwamna ya bayar, mai takardar shaidar mallaka da 'yan birni ke kira C of O, sashe na 22 ya ce ba a jinginar da shi sai gwamna ya yarda. Bankuna ta gwamnan suke so. Kafin mutumin Makoɗa ko Tsanyawa ya same ta, sai an auna masa fili, an zana taswira, ya yi ta sintiri zuwa ma'aikatar ƙasa da safiyo da hukumar KANGIS mai rajistar filaye a Kano, yana biyan kuɗin mota da na takardu. Takardar dagaci tana raba gardama a gaban hakimi, har alƙali ma yakan duba ta, amma ba ta cikin rajistar da lauyan banki ke bincika.

A ce ma takardar ta samu. Mai ba da rance zai tambayi kansa, in abu ya ɓaci wa zai sayi gidan? Arewacin Kano wuri ne da jama'a suka yi yawa, gona na manne da gona, ba daji ba saura. Yawancin sabbin ɗakunan bulo a cikin gidan gado aka tayar da su, ko a gefen gonar da magada ba su gama rabawa ba. Zauren shiga ɗaya ne da na baffa, rijiya ta kowa ce. Wane baƙo ne zai sayi sashe a tsakiyar gidan wasu? Wane ɗan gari ne kuma zai yarda a ce shi ya saye gidan maƙwabcinsa a gwanjon banki, sannan ya haɗu da shi a sahun sallar asuba? Ginin da ya ci miliyoyi yana iya zama ba shi da mai taya. Ga misali a kusa: rukunin gidajen Bandirawo da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta gina a hanyar Katsina tsakanin 2011 da 2015, an tsara su da tituna da lambobi, amma da yawansu sun daɗe ba kowa a ciki, balle ɗaki uku a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina.

Sai lissafi. Rance mafi sauƙi a Najeriya shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ana cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, in ya yi wata shida yana zubi ya cancanci neman rance a kan ruwa kashi 6, ya biya har cikin shekara 30. Wanda ya karɓi naira miliyan 5 a haka, zai riƙa biyan kusan 30,000 duk wata. Ƙa'idar ita ce biyan kada ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, wato sai mai samun 90,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da Jihar Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Bankin kasuwa kuwa ba a magana. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Bankin Najeriya kansa ya kai kashi 27.5. Ko a kan kashi 25 aka ba ka miliyan 5 na shekara 10, kusan 114,000 za ka riƙa kaiwa duk wata. Ma'aikacin tarayya, irin na kwalejin ilimi da ke Bichi, yana iya gwada ta asusun. Doka ba ta rufe wa mai sana'ar kansa ƙofa ba, ana iya shiga ta ƙungiyar gama-kai, sai dai tsarin duk na ɗan albashi ne. Manomi ba ya ganin kuɗi a ƙarshen wata, sau ɗaya ko biyu yake gani a shekara, in damina ta yi kyau.

Ko da duk wannan ya warware, da yawa ba za su taɓa kuɗin ba saboda riba, kuma wannan ba ƙaramin dalili ba ne da za a ce wayar da kai zai kawar. Bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012 da reshe a Kano, TAJBank ya biyo baya a 2019. Su sukan sayi gidan su ba ka haya har ka mallaka, ko ku yi tarayya kana sayen kasonsu kaɗan-kaɗan. Wannan ya kwantar da hankali ta fuskar addini, amma takardar gwamna da shaidar samun kuɗi a kai a kai su ma sai ka kawo.

Ba na cewa siminti ba shi da amfani a wannan ciniki. Mai ƙiyasta darajar gida zai fifita bulo a kan tubali, don ba ya buƙatar yaɓe duk shekara, mamakon Agusta kuma ba ya narka shi. Amma ba kowane bulo ne bulo ba. Tun da buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024, wasu masu buga bulo suka ƙara yashi suka rage siminti, har ka murza gefensa da yatsa ya zube. Ni dai na fi yarda da soron ƙasa mai azara da magini ƙwararre ya yi a kan irin wannan, ga shi ya fi sanyi da bazara, ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa a watan Afrilu tanda ne.

A ganina mutumin da ke ƙara buhu goma duk kaka ba ya kan kuskure. Ya tsira daga kuɗin ruwa, ba kuma wanda zai zo ya liƙa masa takarda a ƙofa. Hasararsa ita ce tsadar kaya na gudu ta fi shi sauri, ruwan sama na cin ginin da ba a rufa ba. Bashin shekara 30 bai dace da shi ba. Abin da zai amfane shi ɗan tallafi ne marar ruwa, a ba shi kwano da katako da ƙusa ya rufa, ya biya a kaka biyu ko uku, ƙungiyarsu ta manoma ta tsaya masa.

Gwamnatin Kano kuwa, wadda ta sa masu takardun filaye sabunta su tun ƙarshen 2024, ya kamata ta tuna da waɗanda ba su taɓa samun ko ɗaya ba. A kai masu awo da rajista sakatariyar Ɗambatta da Bichi da Minjibir, a yi ƙauye-ƙauye tare da dagatai da masu unguwanni, a kan kuɗin da bai wuce na buhun siminti ɗaya ba.